Darasi Gwargwadon Allo

Malamin allo ba ya ɗora wa yaro izu sittin rana ɗaya. Layi kaɗan yake rubuta masa, ya biya masa, yaro ya koma gefe ya yi ta nanatawa. In ya kawo daidai a ce ya wanke, a yi masa ƙari. In ya yi tuntuɓe, allon yana nan har gobe. Da wannan tunanin nake son a riƙa shirya darussan waya da kwamfuta domin ɗaliban kwalejojin fasaha.

Sau da yawa littafi ake ɗauka sukutum a zuba a waya, a ce an zamanantar da karatu. Alhali manhajar da hukumar NBTE da ke Kaduna ta tsara wa kwalejojin nan dama kashi-kashi take, kuma hukumar jarrabawa ta NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana jarraba aikin hannu, ba rubutu kaɗai ba.

Ɗauki mai koyon aikin lantarki. Allonsa na yau kada ya wuce haɗa ƙwai ɗaya da makunni ɗaya. Bidiyo gajere ya isa, amma kyamara ta matso kusa da hannun malami: ga yadda ake kashe wuta tukuna a gwada da testa, ga yadda filaya ke feɗe bawon waya ba tare da ta ci jan ƙarfen ciki ba, ga dalilin da ya sa waya mai ɗauke da wuta ce ke bi ta makunni. A yi bayani da Hausa, a faɗi sunan kowane abu da Turanci, tunda da shi za a rubuta jarrabawa. Sannan yaro ya ajiye wayarsa ya haɗa nasa a kan katako. Sai ƙwan ya kama, malami ya duba ɗaurin wayoyin da idonsa, kafin darasi na gaba ya buɗe. Tambayoyin zaɓi-ɗaya ba za su nuna maka sukurun da bai ɗauru ba, kuma irinsa ne ke zafi har ya tayar da gobara.

Sai batun data, wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ɗan talaka ba zai iya sayenta kullum ba. A yi darasin mara nauyi, wanda za a sauke sau ɗaya a makaranta, ɗalibai su tura wa juna ta Xender, ya buɗe a ƙaramar waya ko babu intanet.