Za a Iya Ɗumama Tuwo da Maikirowef a Cikin Kwale-kwale?

Duk ɗalibin Dugabau da ya taɓa zuwa bakin madatsar ruwa ta Guzu-Guzu ko ta Magaga, ko ya ƙarasa ta Challawa a Ƙaraye, ya ga yadda masunta ke daɗewa a kan ruwa. Kafin su waiwayi abincin da suka ɗauko, ya huce. To, yanzu da sola da batir suka shiga ƙauyuka, me zai hana masunci ya ɗora maikirowef a kwale-kwalensa ya yi ɗumame a tsakiyar ruwa? Tambayar kamar wasa, amma amsarta tana nan cikin littafinku na Fiziks.

Na'urar ba baƙuwar ruwa ba ce. A 1945 wani injiniya a kamfanin Raytheon na Amurka, Percy Spencer, yana aiki da na'urar rada sai ya tarar cakulan ɗin da ke aljihunsa ya narke. Daga nan aka ƙera maikirowef ta farko a 1947, mai tsayin kusan mita 1.8 da nauyin kimanin kilo 340. Ɗaya daga cikin na farko-farkon ma a kicin ɗin jirgin ruwan Amurka mai suna Savannah aka girke ta. Aikinta shi ne ta harba igiyoyin lantarki masu kaɗawa sau biliyan 2.45 a daƙiƙa guda, su jijjiga ƙwayoyin ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Babu harshen wuta, babu hayaƙi. Shi ya sa masu ƙananan jiragen shaƙatawa a Turai ke sonta, don kunna risho a jirgin da ke tangaɗi, ga jarkar fetur a gefe, ganganci ne.

Amma Savannah da makamashin nukiliya yake tafiya, kwale-kwale kuwa batir mai bolt 12 kawai zai samu. A nan gizo ke saƙar.

Ku ɗauko biro. Maikirowef da aka rubuta wa wat 800 a gaba, wannan ƙarfin da take ba abinci ne. Abin da take ja daga soket yakan kai wat 1,200. Malamin Fiziks ya koya mana cewa wat shi ne bolt sau amfiya. A wutar gida mai bolt 230, idan aka raba 1,200 da 230, amfiya 5 ne da ɗoriya. Ba wani abu ba ne. A batir mai bolt 12 fa? 1,200 a raba da 12, amfiya 100 ke nan cif. Ga inbata, wadda ke mayar da wutar batir irin ta gida, ita ma tana cin ladanta, sai lissafin ya koma wajen 110.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wutar da ɗumamen zai cinye ba ta da yawa. Minti biyar a kan amfiya 110 kimanin kashi 9 ne cikin 100 na babban batir mai lamba 100, kuma faifan sola mai wat 100 zai mayar da shi cikin kamar awa ɗaya da rabi idan rana ta buɗe. Matsalar ita ce gaggawa. Kamar a ce ka juye randa guda ta bakin buta cikin minti ɗaya ne. Siririyar wayar da ake ja wa ƙwan fitila za ta yi zafi, robarta ta narke, ta kama da wuta. Sai an sami waya mai kaurin ƙaramin yatsa, gajeriya, da fis kusa da kan batir, da inbata mai wat 1,500 zuwa 2,000. Batirin da ya kwana biyu kuwa, da an kunna sai inbata ta yi ƙara ta ɗauke. Ƙaramin janaretan masu aski ma ba zai iya ba, don bai kai wat 1,000 ba.

Sai nauyi. Batir kusan kilo 30, na'urar kilo 12 ko fiye, ga inbata da wayoyi: an doshi nauyin ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Mutanen Kano ba su manta da jirgin da ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021 ba, wanda lodi ya yi wa yawa, aka rasa rayuka da dama, akasari ɗaliban Islamiyya. Sannan ga bolt 230 a jirgin da ba shi da rufi, ƙasansa kullum da ruwa, mai shi kuma ƙafa ba takalmi. Ni dai a ganina kula mai riƙe zafi ta fi wa masunci, ba ta neman ko amfiya ɗaya.

Ga masu son kwance kayan lantarki, kuma na san kuna da yawa: kada ku buɗe bayan maikirowef, ko da ta lalace, ko da an zare ta daga soket. A cikinta akwai abin da ke ajiye wuta mai dubban bolt, yana kuma iya kashe mutum nan take.

Wannan lissafin ya shafi solar gidanku ma. Ku juya dutsen guga ko hitar dafa ruwa, ku karanta wat ɗin da aka rubuta a jiki, ku raba da 12. Ku yi haka da cajar waya, wadda yawanci ba ta wuce wat 10 zuwa 20 ba, sannan ku kai wa Baba amsoshin biyu kafin wani ya jona dutsen guga a batirin.