Lamba Ko Iyawa: Yadda Manhajoji Ke Auna Juna

Duk sanda wayarka ta buɗe shafin intanet ko ta aika imel, manhajoji biyu ne ke gaisawa ta wata ƙofa da masu sana'ar ke kira API. Kafin a shiga aiki, kowacce tana son sanin abin da ɗayar za ta iya ɗauka. Wata takan tambayi lambar sigar abokiyar hulɗarta, sannan ta yi kirdadon sauran. Wata kuwa kai tsaye take tambaya: kina iya kaza? A ganina hanya ta biyu ta fi ƙarko, kamar yadda mai neman tela ya fi cin riba idan ya tambaye shi ko ya iya aikin babbar riga, maimakon shekarar da ya buɗe shago.

Matsalar lamba ita ce mutane ne ke rubuta dokar karanta ta, kuma sukan yi gaggawa. A 2009, da burauzar Opera ta kai siga ta 10, shafuka da dama na duba alƙalamin farko kaɗai, sai su ga 1 su ɗauka tsohuwa ce tukuf. Dole kamfanin ya sa ta riƙa gabatar da kanta a matsayin 9.80. A 2022 ma sai da masu Chrome da Firefox suka yi ta gwaje-gwaje kafin su kai siga ta 100, don gudun irin wannan tuntuɓe. Abin ya fi ban mamaki a TLS, tsarin da ke ɓoye bayanai tsakanin waya da banki. Na'urori da yawa kan katse hulɗa da zarar sun ga lambar da ba su sani ba, don haka siga ta 1.3 da aka kammala a 2018 take rubuta 1.2 a tsohon gurbin, ta kai gaskiyar wani jeri na daban. Wato lambar ta koma ƙarya da gangan.

Imel kuwa tun 1993 ya kama ɗaya hanyar. Mai aikawa ya gaisa da kalmar EHLO, mai karɓa ya lissafo abubuwan da ya iya, kowa ya ɗauki wanda ya gane ya bar sauran. Haka aka yi ta ƙara sababbin dabaru ba tare da an kori tsofaffin na'urori ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi. Iyawa goma da za a iya kunnawa ko kashewa suna haifar da haɗi 1,024, ba kuwa wanda zai gwada su duka, alhali sigogi uku ko huɗu kowa na iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Sannan manhaja na iya cewa ta iya abu, a zo aiki a tarar da kuskure. Gaskiya ne, kuma inda ma'anar wani umarni ta sauya baki ɗaya, lamba ba ta da madadi. Shi ya sa kamfanin biyan kuɗi na Stripe ke bambanta sigogin API ɗinsa da kwanan wata. Amma wahalar gwaji tana wuyan mai rubuta manhaja, wanda zai iya haɗe iyawar rukuni-rukuni ya rage ta, yayin da kuskuren kirdado ke faɗawa kan mai amfani. Wayoyi biyu na iya ɗauke da sigar Android iri ɗaya, ɗaya na da na'urar karanta zanen yatsa, ɗaya babu. Manhajar bankin da ta dogara ga lamba kawai za ta nemi yatsa a wayar da ba ta da inda za a ɗora shi.