Notin Taya: Ƙarfi Daban, Ɗauri Daban

A daminar bara na shiga wata Kanta daga Bagudo zan je Tsamiya, garin da ke bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin. An loda mata buhunan masara, mu fasinjoji kuma mun ɗare a kansu. Ba mu yi nisa ba sai wata ƙara ta soma fitowa daga tayar baya ta hagu, ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Direba ya ce ramukan hanya ne. Wani dattijo da ke kusa da ni ya buga kan mota da tafin hannu ya ce, "Direba, don Allah tsaya. Wannan ba kukan hanya ba ne, kukan noti ne."

Da muka sauka, sai ga noti biyu sun kwance, kusa ɗaya kuma ta karye. Yaron mota ya ɗauko sifana ya zura mata dogon bututu, zai hau ya taka. Dattijon ya riƙe shi ya ce, "Yaro, hawan nan naka shi ya karya ta farko. Duba kan kusar, wane harafi ka gani?" Harafin L ne. Manyan motocin Japan da yawa, musamman na da, notin tayoyinsu na hagu ta hagu ake ɗaure shi. Wanda bai sani ba, in ya zo kwancewa sai ya yi ta ƙara ɗaurewa har ƙarfe ya gaji.

Ashe dattijon tsohon bakanike ne da ya koyi aiki a Kwatano. Muna jiran gyara ya ba ni labarin motocin tsere na Ingila, irin su MG da Jaguar E-Type wadda ta fito a 1961. Tayarsu noti ɗaya tak ke riƙe ta, babba, a tsakiyar wili, mai kunnuwa biyu. Kamfanin Rudge-Whitworth ne ya yaɗa wannan tsari, domin a iya sauya taya cikin hanzari a fagen tsere. Ba sifana ake sa masa ba, guduma ce, amma ta darma ko ta tagulla, don gudumar ta lotsa, kunnen ya tsira. Ana ɗaga motar a jak, a share mazaunin wili, a murza notin da hannu har ya zauna, sannan a bubbuga kunnen da ke sama zuwa bayan mota har ya daina motsi. A irin waɗannan motoci notin dama ne ke ɗauruwa ta hagu, domin juyawar taya ta riƙa ƙara masa kamu. Wanda ya musanya ɓangarorin biyu, to tafiyar da kanta za ta kwance masa taya.

Na san ba za a ga irin wannan mota tsakanin Bagudo da Illo ko Kaoje ba. Amma darasin namu ne. Mutanen da suka jingina ransu ga noti ɗaya sun fahimci cewa ɗauri ma'auni ne, yana da wajen da ake juyawa da iyakar da ake tsayawa. Mu da muke da noti huɗu, biyar ko shida, yawan ne ya sa mana sakaci. Sau nawa muka ga mota a tasha da gurbin noti babu kowa, a ce sauran sun isa? Nauyin wanda ya ɓace kan sauran yake komawa, ga lodi fiye da kima, ga hanyar da ruwa ya cinye.

Ƙa'idar ba ta da wuya. A fara murza kowane noti da hannu, don kada haƙoransa su hau a karkace. A ɗaure su a gicciye, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba, domin wili ya zauna daidai. A ƙarasa ɗaurin bayan an sauke jak. Kada a hau kan sifana, domin kusar da aka ja fiye da ƙarfinta ta riga ta miƙe, karyewa kawai take jira. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a tsaya a sake taɓa su. Tsatsa mai zirara daga gindin noti, ko ramin wili da ya fara faɗi, alama ce cewa tayar tana wasa.

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshinmu su mai da duba noti sharaɗi kafin a fara lodi, kamar yadda ake duba ruwa da mai. Masu faci kuma su koya wa yaransu karanta L da R kafin su damƙa musu sifana. Mu fasinjoji, in mun ji ƙara mu yi magana, ko da direba zai ɓata rai.

Mun isa Tsamiya bayan la'asar, a makare amma lafiya. Sannu ba ta hana zuwa. Da dattijon nan ya yi kawaici, Allah kaɗai ya san inda tayar za ta ajiye mu.