Labule a Ɗakin Adar: Awo, Zaɓi da Ratayewa

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Allakaye, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, kuma zancenmu a kan labule ne.

A ƙasar Adar, daga Allakaye zuwa Keita har Madawa, labule aiki yake yi kafin a zo maganar ado. Idan bazara ta kankama, watannin Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, ba mai iya rufe ƙofar kwano da rana tsaka. Ƙofa na buɗe, labule ne ke tsare sirrin ɗaki, ya rage hasken rana, ya tare ƙuda. Da hunturu kuma shi ke shan ƙura. Iyayenmu da asabari suka yi wannan aiki, har yau ma akwai ɗakunan da shi ke bakin ƙofa. Yanzu yadi ya yawaita, wani daga Kantin Kwari na Kano ta hanyar Konni, wani a jakar ɗan cin rani da ya dawo daga Abijan. Sai dai sau da yawa ido ke sayen labule, sai an zo gida a tarar ya ɗage ko yana jan ƙasa.

(Ɗan kiɗa)

To, mu fara da awo. Uwargida, kar ki dogara da kamu ko taƙi, domin hannunki da na tela ba ɗaya ba ne. Ki ari mitar tela, in babu ki sami igiya ki ƙulla ta daidai faɗin ƙofa, wata kuma daidai tsawonta, ki kai masa. Tsawo daga inda za a kafa ƙusa ake auna shi, kamar taƙi ɗaya sama da bakin ƙofa. A ƙasa a bar tazarar yatsu huɗu, saboda shara da ruwan damina, kuma kada kunama ta sami maɓuya.

Faɗi kuwa ninkawa ake yi. Ƙofa mai santimita 90 tana son yadi mai faɗin santimita 180, don labulen ya yi tattara. Wanda aka yanka daidai wa daida, iska na kaɗawa sai gefe ya buɗe, na tsakar gida ya hango gado.

Ga lissafi mai sauƙi ga mai son atamfa. Faɗinta wajen santimita 115 ne, saboda haka falle biyu za a haɗa. In tsawon labulen mita 2 ne, a ƙara santimita 20 na kalmasa sama da ƙasa. Falle biyu sun kama mita 4 da santimita 40. Turmi ɗaya yadi 6 ne, kusan mita biyar da rabi, ya isa har a sami ragowar yi wa taga. Idan yadin auduga ne, a jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, domin auduga takan ja jiki a wankin farko.

(Ɗan kiɗa)

Sai zaɓi. A jeren amarya akan so mai sheƙi da leshi, ba laifi, amma a ciki ya dace, gaban gado ko jikin bango. Bakin ƙofa mai kauri yake so. Ki ɗaga yadin saitin rana tun a kasuwa: in kina ganin yatsunki ta bayansa, to da dare in an kunna fitila na waje ma zai ga na ciki. Fari fat ba ya jure jar ƙurar Adar, baƙi ƙirin kuma zafi yake tarawa. Ruwan ƙasa, ruwan toka ko mai zane sun fi ɓoye datti. Yadin roba mai arha rana na cin sa, ya koɗe ya fara yagewa. Araha dai ba ta ado.

Ratayewa kuma aikin maigida ne, kuma bango ke faɗin yadda za a yi. Ginin ƙasa ba ya riƙe ƙaramar ƙusa, yaro na jan labule sai ta fito da ɓarɓashin laka. A sassaƙa ɗan turken icce mai ƙwari, a buga shi ya nutse, bakinsa ya ɗan kalli sama, ko a kafa ƙusar jikin katakon ƙofa. A ginin siminti, a huda a cusa ɗan roba sannan a ɗaura noti. Wajen abin zura labule kuwa, igiya da waya sukan saki, tsakiya ta lotsa. Sandar ƙarfe ko miƙaƙƙiyar gora ta fi. Sandar ta zarce ƙofa da taƙi ɗaya kowane gefe. Saboda iskar hadari, a ce tela ya zura ƙananan duwatsu ko guntun sarƙa cikin kalmasar ƙasa, nauyin zai hana labulen tashi.

Abu biyu kafin mu rufe. Kaskon turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su yi nesa da labule, musamman na roba, wanda ke narkewa yana ci da wuta nan take. Sannan labule ba ya maye gurbin gidan sauro. Yara da masu juna biyu su ci gaba da kwana a ciki.

Nan muka kawo ƙarshen shirin.

(Kiɗan rufe shiri)