Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

A wajenmu, da zarar ƙahon zuciyar mutum ya fara zafi, tun kafin ya ga likita 'yan dubiya sun yanke hukunci: olsa ce. Sai a hana shi yaji da tsami, a ce kada ya zauna da yunwa, mai kemis ya miƙo masa omeprazole. Wani sai ya shekara goma a haka, alhali ciwonsa daban ne.

Gyambon ciki na gaske miki ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Na hanji yakan yi zugi idan ciki ba komai, har ya tashi mutum da tsakar dare, ya lafa in an ci abinci. Na tumbi kuwa sau da yawa abincin ne ke tayar da shi. Barkono da yunwa suna fama mikin, amma ba su suka kawo shi ba. Manyan masu laifin biyu ne: ƙwayar cutar Helicobacter pylori, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda masu aikin ƙarfi ke afawa kamar gyaɗa.

Robin Warren da Barry Marshall, likitoci a birnin Perth na Ostiraliya, su suka gano ƙwayar. Da abokan aiki suka ƙi yarda cewa tana kawo olsa, a 1984 Marshall ya kurɓe ta da kansa, tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ke nan irin wannan olsa tana warkewa: a gwada bayan gida ko numfashi, in an ga ƙwayar a sha haɗin magani na kamar mako biyu.

Sai ciwukan da ake ɗauka olsa ne. Ƙwannafi zafi ne da ke hawowa ƙirji zuwa maƙogwaro, da ruwa mai tsami a baki, ya fi tsanani in an kwanta da cikakken ciki. Tsakuwar madaciya ita ma ana yi mata ƙazafin olsa. Ciwonta a dama yake, ƙarƙashin haƙarƙari, yakan zo bayan an ci maiƙo, ya harba har kafaɗar dama, wani lokaci ido ya yi shawara. Afendis yakan fara a cibiya, ya gangara dama ta ƙasa, da zazzaɓi da amai. Wannan aikin tiyata ne, jiƙon kanwa ba abin da zai yi masa sai ɓata lokaci.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne dattijo, musamman mai ciwon suga ko hawan jini, da ya ji nauyi a ƙahon zuciya da gumi da haki, aka ce olsarsa ce ta tashi. Bugun zuciya ma yakan zo da wannan kama, kuma ba ya jiran gari ya waye. Haka wanda ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta: asibiti nan take. Mai ramewa ba dalili, ko wanda loma ke tsaya wa a ƙirji, shi kuma ya nemi a zura masa na'urar leƙen ciki a duba.