Zaren Fatsa da Kifi Mai Leɓen Takarda

A Yawuri na tashi, bakin Neja, inda darajar zaren fatsa take ga kaurinsa. Zaren da zai janyo tarwaɗa ko ragon ruwa bai tsinke ba, shi ne zare. Da wannan sani na iso Mamfis ta jihar Tenesi a Amurka, kuma shi ya sa ranar da wani dattijo maƙwabcina ya ce zai kai ni su, na shiga kanti na zaɓo zare mafi ƙarfi, mafi tsada, irin saƙaƙƙen nan mai ɗaukar laba 30.

Da asubar wata Asabar ta watan Maris muka ja jirginsa a bayan mota, muka yi kudu zuwa tafkin Inid a arewacin jihar Misisifi. Kifin da muka je nema shi ne kirafi, wanda wasu ke kira kirofi. A ruwayen Amurka ta Arewa yake. A siffa ya yi kama da karfasa: faffaɗan jiki ne da shi, mai walƙiyar azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, naman fari fat, ga daɗin suya. Iri biyu ne, fari da baƙi. A wannan tafki na Inid aka kama farin da ya fi kowanne nauyi a tarihi, a 1957, laba 5 da oza 3. Baƙin da ya fi girma kuwa an kama shi a wani kududdufi a Tenesi a 2018, laba 5 da oza 7. Wato ko sarkinsu bai cika kilo biyu da rabi ba, yawancin waɗanda ake samu ma ba sa wuce rabin kilo.

Kafin hantsi kifi huɗu sun ɗauki ƙugiyata. Ko ɗaya bai shigo jirgi ba. Ina jin motsi sai in fizga, kamar yadda muka saba a gida, ƙugiya ta dawo fayau. Dattijon ya ciro ɗaya daga cikin kifayen da ya kama, ya buɗe bakin da yatsa, ya ɗaga shi wajen rana. Fatar da ke bayan leɓen siririya ce ƙwarai, har haske na ratsa ta.

"Ɗana, ka ga wannan? Mai bakin takarda muke ce masa. Zarenka ba ya miƙewa, duk ƙarfin hannunka a nan yake sauka."

Na ce, "To Baba, wane iri kake ɗaurawa?"

Ya miƙo mini wani ƙaramin kwarkwaro na zaren nailan, rawaya shar, an rubuta 6 a jikinsa. Kuɗinsa bai kai rabin nawa ba.

Lambar nan da ake rubutawa ita ce nauyin da zare zai iya ɗauka, a laba, kafin ya tsinke. Masu kama kirafi galibi tsakanin 4 da 6 suke tsayawa, kuma ƙarancin nauyin kifin ba shi kaɗai ne dalili ba. Koton da ake sa masa ƙarami ne ainun: ko ɗan mitsitsin kifi mai rai, ko wata 'yar ƙugiya mai kan dalma da aka yi wa jela da gashi ko roba, nauyinta tsakanin giram ɗaya da biyu. In ka ɗaura irin wannan a zare mai kauri, ba za ta je nesa ba in ka jefa, ba ta nutsewa da wuri, kuma a cikin ruwa sai ta sandare maimakon ta riƙa rawa kamar abu mai rai. Kirafi da ido yake farauta. Abin da bai yi masa kama da abinci ba, zai tsaya ya kalle shi, ya juya.

Ni dai a yau nailan nake ba wa duk wanda ya tambaye ni, kuma saboda abin da wasu ke ɗauka aibinsa ne: yana miƙewa. Kafin ya tsinke yakan ƙara tsawo sosai, kamar roba. Idan kifi ya girgiza kai a bakin jirgi, ko hannunka ya yi gaggawa, wannan miƙewar ce ke shanye fizgar, ƙugiya ta zauna a inda ta kama. Ga shi da laushi, ƙulli na zama daram a jikinsa. Aibinsa na gaskiya biyu ne. Rana na cinye ƙarfinsa, sannan in ya daɗe a naɗe yakan fito a murɗe. Maganin duka biyun shi ne a sauya shi kowace shekara kafin lokacin su ya kama.

Launin rawayan ne ya fi ɗaure mini kai, don a gida an koya mana ɓoye zare. Sai da na kalli yadda kifin ke ci sannan na gane. Kirafi daga ƙasa yake taso wa koto. Sau da yawa yakan haɗiye shi ya ci gaba da yin sama, sandarka ba ta ko motsa ba. Abin da za ka gani kawai shi ne zaren da ke a miƙe ya yi sako-sako, ko ya ɗan karkata gefe. Wanda zarensa ba ya ganuwa, kifi zai ci ya tofar bai sani ba. Ruwan Inid da na Girinada, maƙwabcinsa, yawanci a gurɓace yake da laka a wannan lokaci, don haka launin ba ya korar kifi. Dattijon ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, amma a rawayan nan ko ɗan tsalle zare ya yi sai ya ɗaga sanda, a hankali, da wuyan hannu kawai.

Inda ruwa yake garau, lissafi ya sauya. Nan ne wurin zaren fulorokabon, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a 1971. Yadda haske ke ratsa shi ya fi kusa da yadda yake ratsa ruwa, shi ya sa yake da wuyar gani, kuma ya fi nailan nauyi, yana nutsewa. Amma yana da tauri da tsada, saboda haka mutane da yawa kamu ɗaya ko biyu kawai suke ɗaurawa a ƙarshen zarensu.

Saƙaƙƙen nawa ma ban jefar ba. Da sanyi, lokacin da kifi ke komawa zurfin ƙafa ashirin ko fiye, rashin miƙewarsa ne ke isar da ɗan taɓin kifi zuwa hannu. Sai dai sanda ta zama mai laushi, a kuma sassauta birkin na'urar naɗe zare, domin su yi aikin da zaren ba zai yi ba.

Akwai kuma maganar itace. Kirafi na son kututture da rassan da ruwa ya rufe, har masunta kan nutsar da busassun rassa da gangan don su tara shi. Wanda bai jefa cikin sarƙaƙiya ba, ba zai samu da yawa ba, wanda ya jefa kuwa dole ya maƙale. Dabarar dattijon a nan ita ce ya hau zare mai lamba 8 ko 10, ya haɗa da ƙugiyar siririyar waya. In ta kama reshe sai ya ja a hankali har ta buɗe ta fito, ya lanƙwasa ta da filaya, ya mayar. Bayan kowace maƙalewa yana bin ƙarshen zaren da yatsu biyu. Da ya ji kaushi sai ya yanke, ya jiƙa sabon ƙulli da yawu kafin ya ja, don zafin gogayya na raunana busasshen nailan. Guntun da ya yanke kuwa aljihu yake sa shi. Ya ce ya taɓa tarar da zalɓe a mace a kan reshe, zare ya naɗe masa ƙafa da fiffike.

Da azahar ya kwance saƙaƙƙen daga sandata, ya naɗa mini nasa rawayan. Muka matsa kusa da wani kututture. Na saukar da koto kamar ƙafa shida, na zuba wa zaren ido. Can sai ya saki jiki, ya kwanta a kan ruwa. Na ɗaga a hankali, sanda ta rusuna. Da ya iso, dattijon ya tare shi da 'yar homa, ya kwantar a kan allon awo, domin dokar tafkin ta ce wanda bai wuce inci 12 ba a mayar da shi ruwa. Nawa ya yi 13. Ƙugiyar na rataye a wannan siririyar fatar, ramin ya riga ya faɗaɗa, ina taɓa ta da yatsa ta faɗo.