Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a: Abin da Ya Kamata Mutanen Potiskum Su Sani

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ko gwamnati ta ɗauki matakin da ya taɓa aljihun talaka, sai a ji a rediyo cewa wani bincike ya nuna kashi kaza na 'yan Najeriya suna goyon bayan wane, ko kashi kaza sun ce rayuwa ta yi tsanani. A majalisun Potiskum, daga bakin tasha har zuwa kara, martanin da aka fi ji shi ne: "To, ni wa ya tambaye ni?" Tambayar tana kan hanya, domin amsarta ce ke raba binciken da za a dogara da shi da wanda ya kamata a watsar.

Yaya mutum dubu za su wakilci miliyoyi?

Ƙuri'ar jin ra'ayi ba zaɓe ba ce, ba kuma ƙidaya ba ce. Ana zaɓo mutane kaɗan ne, galibi daga 1,000 zuwa 2,500, a yi musu tambayoyi iri ɗaya, sannan a ƙiyasta ra'ayin sauran jama'a daga amsoshinsu.

Duk wanda ya taɓa sayen buhun gero a kasuwar hatsi ta Potiskum ya san wannan hikima. Ba ya zazzage buhun ya duba kowace ƙwaya. Yakan ɗebo kaɗan daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, ya gane ko hatsin na kirki ne. Amma idan ya tsaya ga na bakin buhu, inda aka jera mai kyau, ya sayi tsakuwa da kuɗinsa. Haka binciken yake: yawan waɗanda aka tambaya bai kai muhimmancin inda aka ɗebo su ba. Dole ya kasance kowane baligi, na birni da na ƙauye, namiji da mace, mai boko da wanda bai yi ba, yana da damar faɗowa cikin waɗanda za a tambaya.

Amurka ta ga wannan a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, ta samu amsa sama da miliyan 2, ta kuma bayyana cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt. Sai dai yawancin sunayen ta samo su ne daga kundin masu tarho da masu motoci, wato masu hannu da shuni. George Gallup, da ya tambayi mutane kusan 50,000 kacal daga ɓangarori daban-daban, ya ce Roosevelt ne zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48.

Ko binciken da aka yi da kyau yana da ɗan gibi. Idan mutum 1,000 aka tambaya, sakamakon zai iya yin sama ko ƙasa da kusan kashi 3. Don haka idan an ce wane yana da kashi 40, wane kuma 38, ba a iya cewa ga wanda ke gaba.

Su wa ke yin sa a Najeriya?

Wanda ya fi suna shi ne NOIPolls da ke Abuja, wanda Ngozi Okonjo-Iweala ta kafa a 2006, ya kuma yi aiki da kamfanin Gallup na Amurka. Yawancin bincikensa ta wayar salula yake yi. Akwai kuma Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, hedikwatarta na birnin Akara a Gana, tana bincike a ƙasashen Afirka sama da 30. Ita ma'aikatanta gida-gida suke bi, su zauna da mutum gaba da gaba, su yi masa tambaya da harshen da ya zaɓa, kuma suna daidaita yawan maza da mata. Tambayoyinta sun shafi tsadar rayuwa, tsaro, cin hanci, da yadda jama'a suka yarda da shugabanni, 'yan sanda da sarakuna.

Darasin zaɓen 2023

A watan Satumban 2022, binciken da NOIPolls ya yi wa gidauniyar ANAP kan zaɓen shugaban ƙasa ya ba Peter Obi kashi 21, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowanne, Rabi'u Kwankwaso kashi 3. Kanun labarai suka ce Obi na kan gaba. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kusan rabin waɗanda aka tambaya sun ce ko ba su yanke shawara ba, ko kuma ba za su faɗi zaɓinsu ba. A wannan watan ne wani binciken da aka yi wa kafar Bloomberg ta manhajar waya ya ba Obi kashi 72 na waɗanda suka tsayar da ɗan takara. Wanda ba shi da babbar waya da data bai ma san ana yi ba.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 aka kaɗa ƙuri'a. Sakamakon da hukumar zaɓe ta INEC ta bayyana ya ba Tinubu kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. A Yobe, Atiku ne ya zo na ɗaya, Obi kuwa bai kai ƙuri'a 3,000 ba. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 ba. Kamfanin Stears ya hango muhimmancin wannan tun kafin zaɓe, inda ya ce idan jama'a suka fito da yawa Obi ne zai yi rinjaye, idan kuma aka yi ƙarancin fitowa Tinubu ne. Faɗin ra'ayi a waya daban, tsayuwa a layi cikin rana daban.

Me ya sa muryar Yobe ke saurin ɓacewa?

Na farko, lissafi. Ƙidayar 2006, wadda har yanzu ita ce ta ƙarshe, ta ba Yobe mutum miliyan 2.3 cikin miliyan 140 na ƙasa baki ɗaya. Ke nan a binciken mutum 1,000, rabon jihar bai kai mutum 20 ba, na ƙaramar hukumar Potiskum kuwa bai wuce ɗaya ko biyu ba. Irin wannan bincike zai iya faɗin abin da Najeriya ke tunani, amma ba shi da hurumin cewa ga ra'ayin mutanen Yobe, balle na Potiskum.

Na biyu, waya. A ƙauyuka da dama sabis ba ya tsayawa, a gidaje da yawa kuma waya ɗaya ce, tana aljihun maigida. Uwargida, wadda ta fi kowa sanin farashin kwanon masara, ba a jin ta bakinta. Mutanen Yobe ba su manta da 2013 ba, lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci aka katse layukan waya na tsawon makonni. Duk binciken da aka yi ta waya a lokacin bai ji daga waɗanda suka fi kowa ɗanɗana matsalar tsaro ba.

Na uku, harshe da tsoro. Potiskum gari ne na Bolewa, Ngizim, Karekare, Ngamo, Fulani da Hausawa. Tambayar da aka tsara da Turanci aka juya ta cikin gaggawa kan iya canza ma'ana kafin ta isa kunnen tsohuwa a ƙauye. Sannan garin da ya sha hare-hare ya koyi taka-tsantsan da baƙuwar murya. Mutum zai iya cewa "komai lafiya" don ya rabu da mai tambaya, alhali tukunyarsa ba ta hau wuta ba.

Tambayoyi biyar kafin ka yarda

Wa ya biya kuɗin binciken? Idan ɗan takara ne ko jam'iyya, a yi hattara.

Mutum nawa aka tambaya, daga waɗanne jihohi, kuma ta wace hanya? Wanda ya ɓoye wannan yana da abin da yake ɓoyewa.

Yaushe aka yi? Ra'ayin da aka ɗauka kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, ba zai bayyana halin da aka shiga bayanta ba.

Yaya aka tsara tambayar? "Kana goyon bayan cire tallafin mai?" da "Kana goyon bayan cire tallafi don a gina asibitoci?" ba za su ba da amsa ɗaya ba.

Mutum nawa ne suka ƙi amsawa? Idan sun yi yawa, sakamakon rabin labari ne.

A kan wannan ma'auni, ƙuri'ar da ake jefawa a Facebook ko X, da kiran waya a shirin rediyo, ba binciken ra'ayin jama'a ba ne. Masu sha'awa ne ke kawo kansu, kuma mutum ɗaya na iya amsawa sau da dama.

Idan aka zo gare ka

Duk da waɗannan kurakurai, bai kamata a yi watsi da abin ba. Tsakanin zaɓe da zaɓe shekara huɗu ce, kuma bincike na gaskiya na daga cikin 'yan hanyoyin da kukan talaka ke isa teburin masu mulki da alƙaluma. A watan Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta kai ga sa dokar hana fita a Potiskum, Gashuwa da Nguru. Gwamnatin da ke auna ra'ayin jama'a da gaske, tana kuma aiki da shi, ba ta jira sai an fito titi kafin ta san ana jin jiki.

Saboda haka, idan mai bincike ya kira ka ko ya yi sallama a ƙofar gidanka, ka tambaye shi sunan ma'aikatarsa da dalilin binciken. Mai binciken gaskiya ba ya neman lambar BVN, ko lambar sirrin katin banki, ko kuɗi. Wanda ya nemi ɗaya daga ciki ɗan damfara ne. Kana da 'yancin ƙin amsawa. Amma idan ka gamsu, ka faɗi gaskiyar abin da ke ranka, kuma idan iyali aka zo nema, ka ba ta dama ta faɗi nata. Rabon Yobe a waɗannan alƙaluma ɗan kaɗan ne. Kada mu ƙara rage shi da shiru.